Babi na Shida: Mutumin da ke Saman Tanki

Duk inda aka yanka dutse ko aka yi ciko don a shimfiɗa babbar hanya, akan bar gangara tsirara dama da hagu. Ƙasa ce da aka tono daga ƙarƙashi, ba ciyawa a kanta, ba saiwar da za ta riƙe ta. Ruwan farko ya zana mata layi, na biyu ya mayar da layin rami, kafin damina ta fita ramin ya zama kwazazzabo yana cin gindin kwalta. Injiniyoyin hanya a Amurka sun daɗe da sanin maganin abin, wato a shuka ciyawa da wuri. Wahalar ita ce kai iri wurin da tarakta ba ta hawa, mutum ma sai da rarrafe.

A ƙarshen shekarun 1940 wani ma'aikacin hukumar hanyoyi ta jihar Konetikat mai suna Maurice Mandell ya lura cewa in aka zuba iri cikin ruwa ana damawa, ana iya fesa shi daga bakin hanya ya sauka can saman gangara. A 1953 Charles Finn, mai ƙera injinan watsa busasshiyar ciyawa a Sinsinati ta jihar Ohayo, ya fito da inji na farko da aka yi don sayarwa, ya sa masa suna HydroSeeder. An yi aiki da shi a babbar hanyar da ake yankawa a lokacin cikin duwatsun Bajiniya ta Yamma, mai tsawon mil 88 daga Charleston zuwa Princeton, wadda aka buɗe a 1954. Aikin da zai ɗauki tarin leburori kwanaki suna manne da gangara, sai ga mutum biyu ko uku suna gama shi daga bakin titi. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya raba mutane da yawa da haɗarin hawan gangara. Sai dai ya ɗauke haɗarin daga can ya tara shi wuri guda, a kan mota.

Motar tanka ce a asali, amma an ɗora mata inji na biyu mai shan gas, da famfo, da dandamali a sama inda mutum ke tsayawa. Manyan cikinsu suna ɗaukar galan 3,000 ko fiye, wato sama da lita 11,000. Ana zuba ruwa, a zuba iri da takin zamani, wani lokaci da garin farar ƙasa, sannan a riƙa farke dilolin niƙaƙƙen itace ko takarda ana turawa ta bakin tanki. Kowace dila fam 50 ce, wajen kilo 23, kuma tanki guda yakan ci kusan 30. A kan wannan sai a ƙara danƙo, wanda sau da yawa daga waken guwa na Indiya da Pakistan ake samo shi, don kwaɓin ya manne a ƙasa, da koren rini don mai feshi ya riƙa ganin inda ya riga ya rufe. A cikin tankin akwai doguwar sandar ƙarfe mai filafilai da ke juyawa ba tsayawa, kada kwaɓin ya kwanta. Famfo ne ke tura shi zuwa bindigar feshi da ke kafe a dandamali, mai iya jefa shi mita 60 ko fiye. Inda bindiga ba ta kai, sai a ja tiyo.

Dokokin kare muhalli ne suka mayar da wannan inji abin yau da kullum. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 da gyaran da aka yi mata a 1987 sun kai ga cewa duk wurin ginin da ya tone eka ɗaya ko fiye sai ya nemi izini, ya kuma rufe ƙasar da ya buɗe da zarar aiki ya tsaya, galibi cikin kwana 14. Dokar 1977 ta tilasta wa masu haƙar kwal a sarari su mayar da tsiro inda suka tone. Dokoki ne masu kyau, ba ni da ja a kansu. Amma kowace tana zuwa da wa'adi, kuma mai feshin iri shi ne na ƙarshe a jerin 'yan kwangila. In masu tono sun makara, masu magudana sun makara, kwanakin da suka ci daga nasa ake cirewa. Ga hadari ya haɗo, ga sufeto zai zo ran Juma'a. Bayan wannan akwai wani wa'adin a cikin tankin kansa: iri ba ya son daɗewa cikin ruwan taki filafilai suna bugunsa, shi ya sa wasu kwangiloli ke sharɗanta a fesa kwaɓin cikin sa'a guda ko makamancin haka bayan an zuba iri. Kuɗin aikin kuma yawanci da eka ake lissafa shi. Duk wanda ke son ya fahimci yadda mutum mai hankali zai zura hannu inda ya san bai kamata ba, to ya riƙe waɗannan abubuwa uku a ransa.

A lokacin feshi mutum biyu ne ke riƙe da aikin, kuma ba sa ganin juna. Direba yana gaba cikin gidansa, da kujera da bel da rufin ƙarfe. Mai feshi yana baya, tsaye a sama kusan mita 3 daga ƙasa, hannunsa biyu a kan bindiga, idonsa a kan gangara, bayansa ko gefensa ne ke fuskantar inda motar ta dosa. Tanki ya tare madubin tsakiya, madubin gefe kuwa ba ya nuna sama. A ƙarƙashin ƙafarsa inji yana ruri, ƙarar da ta wajabta toshe kunne, tunda cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar da take ba da shawara a desibel 85 na sa'a 8. Kenan ihu ba ya kaiwa gaba. Abin da ya haɗa su shi ne maɓalli ɗaya a kusa da bindiga, wanda in an danna sai ƙaho ya yi ƙara direba ya ji.

Masu ƙera injinan sun rubuta a littattafansu cewa kada mutum ya zauna a dandamali in motar ta wuce gudun mil 5 a sa'a, wato kilomita 8, saurin mutum mai sassarfa. Wani zai ce a wannan gudu me zai faru? Abin da ke faruwa shi ne taya ta faɗa rami ko direba ya taka birki ba shiri, alhali mutumin da ke sama bai riƙe komai ba sai bindiga mai juyawa. Ƙasan da yake takawa kuma ya jiƙe. Danƙon nan in ya taɓa ruwa yauƙi yake kamar miyar kuɓewa, kuma iska na dawo da feshin kan dandamali da tsani da safar hannu. Tun kafin azahar ko'ina ya yi kore, ya yi santsi. Shingen ƙarfen da ke kewaye da dandamalin shi ne kaɗai tsakaninsa da ƙasa. Ma'aunin da hukumar kare ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta sa wa irin wannan shinge a wuraren aiki shi ne tsayin inci 42, ɗan sama da mita ɗaya, ya kuma jure turin fam 200. Amma shinge yana da ƙofa ta wajen tsani, wasu kuma suna da sashen da ake zarewa don a loda diloli. Sarƙar da ke rufe ƙofar nan daƙiƙa biyu ake ɗauka a maƙala ta, kuma ita ce aka fi mantawa, saboda mai feshi yana hawa yana sauka duk yini.

A nan akwai wani giɓi a doka da ya kamata a sani. A wuraren gini OSHA ta wajabta kariya daga faɗuwa ga duk wanda ke aiki ƙafa 6 ko fiye daga ƙasa. Sai dai da ƙa'idar ta zo bayyana wuraren da take nufi, ta lissafa daɓe da rufi da gada da sauransu, sannan ta cire motoci da tireloli da dole ma'aikaci ya hau don yin aikinsa. Kafinta a kan rufin da bai kai tsayin tankar ba yana ƙarƙashin ƙa'ida filla-filla. Mai feshi a saman tanka mai tafiya yana dogara ne da littafin mai ƙera inji, da wani sashe na dokar kare ma'aikata ta 1970 da ya ɗora wa kowane mai kamfani nauyin kawar da sanannen haɗari gaba ɗaya. Wannan sashe yana da ƙarfi, amma galibi bayan abu ya faru ake jin amonsa.

Wasu kamfanoni sukan ɗaure mai feshi da ɗamara da gajeriyar igiya don ko ya zame kada ya fita daga dandamali. Dabarar tana maganin faɗuwa. Ba ta maganin kifewa, a nan ma tana iya zama ita ce ajalinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki cike ruwansa ba shi da wurin gudu, amma tankin feshi daga minti na farko yake raguwa, saboda haka kusan duk aikin da rabin tanki ake yin sa. Tan 5 ko 6 na kwaɓi suna komawa gaba in an taka birki, su dawo baya, su kwanta gefe in motar ta karkata. Inda motar ke bi kuma shi ne mafi rauni a duk wurin: bakin sabon ciko da bai gama zama ba, hanyar wucin gadi a kan tulin ƙasar ma'adinai, gefen da ruwan jiya ya jiƙa. Taya ɗaya ta nutse tafin hannu guda, kwaɓi ya bi ta, nauyi ya ƙara danna ta, sai motar ta tafi a hankali, ba mai iya tare ta. Direba yana da gida da bel. Na sama ko dai ya yi tsalle ta gefen da motar ba ta faɗawa, in ya samu sarari, ko kuma yana ɗaure.

Ni a ganina muhawarar a ɗaure ko kada a ɗaure tana kawar da hankali daga tambayar da ta fi ta. In ƙasar ta kai a yi shakkar ta, mutum ba shi da abin yi a sama. A sauke shi, a taka wurin da ƙafa a duba, a tsayar da mota inda ƙasa ke da ƙarfi, a ja tiyo. Tiyo yana cin lokaci, yana cin ƙarfi, yana rage ekar da za a rubuta da yamma. Shi ya sa ake cewa bari mu ɗan matsa gaba kaɗan, bindiga za ta kai. Doka a Amurka ta ce mai tuƙa tankar da ta kai galan 1,000 a titi sai da shaida ta musamman a lasinsa, kuma jarrabawar tana koyar da halin ruwa a tanki. Tuƙi da ɗan Adam tsaye a sama kuwa, wannan kamfani ne ke koyarwa, ko ya bari direba ya koya da kansa.

Komawa ga ƙahon nan. Kowace ƙungiya tana da yarjejeniyarta, bugu kaza tsaya, bugu kaza tafi, bugu kaza koma baya. Yarjejeniyar tana aiki muddin mutanen jiya ne yau. Ranar da aka kawo direba daga wata ƙungiya, ko sabon yaro ya hau sama, ma'anar bugu biyu na iya bambanta tsakanin gaba da baya. Ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi sukan maimaita alamun kowace safiya, su gwada ƙahon kafin a zuba ruwa, kuma su tsaya a kan abu guda: duk alamar da direba bai gane ba, tsayawa take nufi. Yanzu akwai rediyon kunne mai toshe ƙara da ke ba su damar magana, akwai kyamara da ke nuna wa direba dandamali. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin motar. Maganar da aka fi ji daga bakin direba bayan haɗari ita ce ban gan shi ba, kuma gaskiya yake faɗa. An zaunar da shi inda ba zai gani ba.

Akwai abin da ke sama da mai feshin ma. Reshen bishiya, ƙasan gada, wayar da ta yi laushi ta sauko, duk direba yana wucewa ƙarƙashinsu lafiya, su sami mutumin da ya ba su baya. Wayar lantarki kuwa ba sai an taɓa ta ba. Tazarar da aka saba bari tsakanin inji da wayar da ba ta wuce bolt 50,000 ba ita ce ƙafa 10, wato mita 3, amma bindigar feshi tana miƙa hannun ruwa na mita 60, kuma ruwan da aka narkar da taki a ciki ya fi ruwan famfo ɗaukar wuta. Koren rinin da ke jan idon mai feshi zuwa ƙasa shi ke hana shi ɗaga kai. Dole tun kafin a kunna famfo a bi layin aikin a ga inda wayoyi suke.

Duk wannan haɗarin tafiya ne. Mafi muni yakan zo ne lokacin da aiki ya tsaya.

Kwaɓi yakan toshe. An zuba dila da sauri ba ta watse ba, ko guntun ledar dila ya faɗa ciki, ko an jawo ruwa daga kududdufi da tsakuwa a ciki. Feshi ya ragu, ya tsaya. Iri yana cikin tanki, lokacinsa na tafiya. A wannan minti ne ake buɗe mahaɗar tiyo alhali akwai matsi a ciki, murfin ya tashi ya sami fuska. A nan ne ake leƙa bakin bindiga a ga abin da ya toshe. Kashe famfo ba ya sauke matsin da ya maƙale bayan toshiya, sai an buɗe hanyar da ke mayar da kwaɓi tanki ya huce tukuna. Kwaɓin da ya shiga ido akwai taki a ciki, wani lokaci da farar ƙasa, kuma motar da ke ɗauke da lita dubbai sau da yawa ba ta da ko kwalba ɗaya ta ruwa mai tsafta da za a wanke ido, sai in an tanada da gangan.

Bakin tanki yana da ragar ƙarfe wadda dila ke wucewa ta cikinta a farfashe, mutum kuwa ba ya wucewa. Raga tana rage saurin lodi, don haka akwai masu ɗage ta. In leda ta faɗa, hannu yakan bi ta kafin tunani ya iso, filafilai kuma suna juyawa ƙasa kaɗan cikin koren ruwan da ba a ganin cikinsa. Injin da ke juya tan 11 na kwaɓi ba zai ji nauyin hannun mutum ba, ba zai ji na mutum ɗungurungum ba. Waɗanda suka daɗe a aikin ba su tsira daga wannan ba, don sun yi hakan sau da yawa ba abin da ya same su. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Maganin tsoho ne, kuma ba shi da tsada. A kashe inji, a zare makulli ya shiga aljihun wanda zai sa hannu, a cire wayar batir, a sa kwaɗo da takarda mai sunansa a wurin kunnawa, sannan a gwada tayarwa a tabbatar ba ya tashi. Amfanin kwaɗon shi ne abokin aikin da ya zo daga wancan gefen motar, wanda bai san da mutum a ciki ba, ba zai iya taimakawa ta hanyar kunna inji ba. OSHA ta mayar da wannan tsari ƙa'ida a 1989, amma ƙa'idar ta masana'antu ce, ta cire aikin gini da aikin gona. Feshin iri kuwa yau a kira shi gini in sabuwar hanya ce, gobe a kira shi gyaran fili. Ma'aikacin ɗaya ne, filafilan ma ɗaya ne, saboda haka kamfanin kirki ba ya tsayawa tambayar wane babin doka ya hau kansa ranar.

Shiga cikin tankin kansa wani mataki ne dabam. Ƙofarsa ƙarama ce, a sama take, iska ba ta zagayawa. Ragowar kwaɓi da aka bari ya kwana biyu cikin zafi yakan ruɓe, ya cinye iskar shaƙa, ya fitar da iska mai guba. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 20.9 cikin ɗari na oksijin, kuma OSHA tana ɗaukar duk abin da ya gaza 19.5 a matsayin haɗari. Hanci ba ya auna wannan, sai na'ura. Mutum ya sauka ya kankare bango, ya ji jiri, ya zube. Na waje ya leƙa ya ga ɗan'uwansa kwance, ya bi shi. A gargaɗin da NIOSH ta fitar a 1986 ta ce fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Wannan adadi yana taɓa ni fiye da kowane a fagen nan, domin halin kirki ne ke kashe su. Ba za a hana mutum son ceton abokinsa ba. Abin da za a yi shi ne a shirya masa hanyar ceto tun kafin a shiga: a zubar da kwaɓi, a wanke, a busa iska, a auna, a ɗaura wa mai shiga igiyar da za a jawo shi daga waje, a tsayar da mai gadi a bakin ƙofa wanda aikinsa kiran taimako ne, ƙafarsa ba ta shiga. Ƙa'idar ta fito ga masana'antu a 1993, ta masu gini sai a 2015.

Wani rauni kuma ba ya nuna girmansa. Injina da yawa da man haidirolik suke juya filafilai da naɗe tiyo, kuma man yana tafiya da matsi mai tsanani. In tiyon mai ya yi ɗan huji, mai neman yoyo da yatsa yakan ji kamar tsinin allura, ya ga ɗigo ja, ya ci gaba da aiki. Man ya riga ya shige ƙarƙashin fata yana kashe nama. Wannan aikin likitan fiɗa ne cikin sa'o'i kaɗan, in an yi jinkiri yatsa ko hannu na iya tafiya. Da guntun kwali ake neman yoyo.

Na ƙasa ma suna da rabonsu. Mai jan tiyo yana bayan mota ko a kan gangara, tiyon cike da kwaɓi yana da nauyi, in an buɗe famfo da ƙarfi yakan fizge shi. Doka ta ce motar da direbanta ba ya ganin baya kada ta yi ribas sai da ƙararrawa ko mai nuna hanya, amma ƙararrawa tana gasa da injin feshi da toshin kunne. A bakin babbar hanya kuma akwai motocin jama'a suna wucewa a guje kusa da tankar da ke rarrafe, abin da ya sa ake bin ta da wata mota mai katifar ƙarfe a baya don ta karɓi karon. Sai kuma zafin rana. Jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar zafi ga masu aikin waje a 2005 bayan mace-macen ma'aikata a bazarar shekarar, wadda a yanzu take wajabta ruwan sha kusan lita ɗaya a sa'a ga kowane mutum, da inuwa in zafi ya haura digiri 27 a ma'aunin Salshiyas. A saman tanki ba inuwa, kuma jirin da zai sa na ƙasa ya zauna, na sama jefo shi zai yi.

To wane ne wannan mutumin na sama? Direba yana da lasin, yawanci ya fi shekaru, ya fi albashi. Hawa sama da farke diloli da jan tiyo sukan faɗa kan sabon shiga da ɗan aikin kaka. A Amurka masu gyaran fili da shuke-shuke su ne suka fi kowa ɗaukar baƙin ma'aikata da bizar wucin gadi ta H-2B, wadda doka ta ƙayyade a 66,000 a shekara, kuma mafi yawan masu zuwa daga Meksiko suke. Bizar tana ɗaure da kamfanin da ya kawo mutum. A 2010 OSHA ta jaddada cewa dole a horar da ma'aikaci da harshen da yake ji, wanda ke nuna akwai inda ba a yin hakan. Mutumin da ya fi kowa ganin cewa gefen cikon nan ya yi laushi, shi ne wanda ya fi kowa tsoron faɗa.

Haƙƙin ƙin aiki mai haɗari yana nan a dokar Amurka, kuma da jini aka same shi. A masana'antar Whirlpool da ke garin Marion a Ohayo akwai wata ragar waya kusan mita 6 sama da daɓe, wadda ma'aikata ke takawa su kwashe abin da ya faɗo daga layin kaya. A Yunin 1974 wani ya ɓurma ta cikinta ya mutu. Ba a yi wata guda ba aka umarci wasu biyu su hau, suka ƙi. Aka kore su gida ba kuɗin sauran sa'o'in, aka sa musu takardar gargaɗi a fayil. A Fabrairun 1980 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta tabbatar cewa ma'aikacin da ke da dalilin tsoron mutuwa ko mummunan rauni, kuma ba lokacin kiran hukuma, yana iya ƙin aikin ba tare da an hukunta shi ba. Sai dai wanda aka hukunta kwana 30 kacal gare shi ya kai ƙara, kuma bincike yakan ɗauki watanni. Ɗan aikin kaka kafin nan ya koma ƙasarsu, yana fatan a sake kiran sa baɗi.

Saboda haka ba na ganin takardar haƙƙi kaɗai za ta tsayar da mota a bakin gangara. Abin da ke tsayar da ita shi ne mai kamfani ya faɗa a gaban kowa cewa maɓallin nan na mai feshi ne, in ya danna an tsaya, ba a tambayar sa dalili sai bayan tayoyi sun daina juyawa, kuma tankin da ya lalace saboda an tsaya asarar kamfani ce, ba a cire wa kowa a albashi. Hukumomin hanyoyi masu ba da kwangila su ma suna da hannu. Su ne ke rubuta kwana nawa, eka nawa, iri kala nawa. Suna iya rubuta cewa sai da rediyo tsakanin direba da mai feshi, sai da raga a bakin tanki, kuma su ware farashi dabam ga wuraren da dole a ja tiyo, don ɗan kwangilar da ya sauke mutuminsa kada ya zama shi ne ya yi asara a gaban wanda bai sauke ba.

Masu ƙera inji sun fara fito da bindigar da ake sarrafawa daga nesa, mai feshi yana zaune kusa da direba ko yana tsaye a ƙasa. Wannan ya cire mutum daga sama lokacin tafiya, kuma shi ne gyara mafi girma da aka yi wa aikin, don ya kawar da haɗarin maimakon ya roƙi mutum ya yi hattara. Bai cire lodi ba, bai cire toshiya da wankin tanki ba. Kuma waɗannan injina suna da tsawon rai. Tsofaffin ba a zubar da su, sayar da su ake yi ga ƙananan 'yan kwangila, daga nan wasu su tsallaka teku.

Mu da yawancin manyan injinan aikinmu na hannu ne, wannan ya shafe mu. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, Nijar a 2009, kuma sashe na 13 na yarjejeniyar yana kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin zai halaka shi. Duk kamfanin da zai sayo irin wannan mota don rufe gangaren hanya ko bakin madatsar ruwa, makanikinsa zai duba inji da famfo da tayoyi, don in babu su mota ba ta aiki. Ragar bakin tanki, sarƙar ƙofar dandamali, wayar ƙaho da littafin gargaɗi kuwa, mota tana feshi sarai ba tare da su ba, shi ya sa su ne ke fara ɓacewa tsakanin mai ita na farko da na uku. Maƙerin walda zai iya yin raga da sarƙa a yini guda, mai gyaran waya ya haɗa ƙaho. Littafin kuma sai an nemo shi daga kamfanin da ya ƙera, a karanta wa direba da mai feshi tare, da Hausa ko duk harshen da su biyun suke ji, kafin a zuba ruwan farko.